A saya ko a buga? Kayan ɗakin gwaje-gwaje tsakanin dillali da firintar 3D

Matajin jel ɗan guntun roba ne mai haƙora, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Shi ake kafawa cikin narkakken agaros, sinadarin da ake yin jel ɗin da shi, kafin ya daskare, ya bar ramukan da za a ɗura samfurin DNA. Ranar da namu ya karye, haƙora uku suka fita, aikin ɗalibai huɗu ya tsaya cak. Dillalin da muka kira ya ce ba ya da shi a ƙasa, sai dai a yi oda, a kuma ba shi wata biyu. Wani abokin aikinmu mai firintar 3D a gida ya karɓi guntun, ya auna kaurin haƙoran da tazararsu da kalifa, wato ma'aunin kauri mai baki biyu, washegari ya shigo da guda uku a aljihun riga. Biyu suka zauna daram, na ukun haƙoransa sun yi kauri.

Daɗin wannan ne ya kwashe mu. Mako bai zagayo ba muka sa ya buga mana mazaunin kwalaben gwaji, shuɗi mai kyau, wani ya ɗauka ya jefa cikin otokilef, tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi mai zafi, tare da sauran kaya. Da aka buɗe murfi sai ga shi ya lanƙwashe kamar alewar da aka manta a rana, kwalaben sun kwanta a kan juna. Tsakanin matajin nan da mazaunin nan duk maganar take. Firintar tana da amfani, amma sai mutum ya san abin da zai ba ta da abin da zai hana ta.

Ga wanda bai taɓa ganinta tana aiki ba: zaren roba mai kaurin milimita 1.75 take ja daga kan gammo, ta narkar da shi a baki mai zafin da ya kai digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, ta riƙa shimfiɗa shi layi kan layi, kowanne kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita, har abin ya tashi. Dabarar tsohuwa ce, tsada ce ta tsare ta. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, ya saki zanen na'urar kowa ya kwafa. A 2009 wa'adin haƙƙin mallakar fasahar, wanda kamfanin Stratasys ke riƙe da shi, ya ƙare, farashi ya faɗo. A 2012 Joshua Pearce, lokacin yana Jami'ar Fasaha ta Michigan a Amurka, ya rubuta a mujallar Science cewa masu bincike za su iya ƙera kayan aikinsu da kansu, da irin wannan firinta da ƙananan allunan lantarki na Arduino. Bayan shekara biyu ɗalibansa suka fitar da famfon tura sirinji da kayan haɗinsa ba su kai dala 100 ba, alhali irinsa a kasuwa daga ɗaruruwan daloli yake farawa ya haura dubu.

A 2020 Pearce ya tattara irin waɗannan na'urori da aka wallafa, ya lissafa cewa matsakaicin ragin kuɗi ya kai kashi 87 cikin ɗari, ya kai 94 inda aka haɗa firinta da Arduino. Alƙaluman gaskiya ne, sai dai a karanta su da ido biyu. Kuɗin kayan haɗi aka fi kwatantawa da farashin kanti. Kwanakin da ma'aikaci zai ɓata yana haɗawa, bugun da ya lalace aka sake, da kuɗin dakon sukurori da moto daga ƙetare, duk mai ɗakin gwaji ne zai ƙara su da kansa.

Inda bugu ya fi saye

Duk abin da aikinsa riƙo ne, ko tokara, ko haɗa wani abu da wani, firinta ta fi dillali, kuma da nisa. Mazaunin kwalabe kowane girma, akwatin jera gilasan shafa jini su bushe, matajin jel da tirensa, mariƙin wayar hannu da ke ɗora kyamara a kan idon madubin likita, maratayin fifet (abin ɗebo ɗan ruwa daidai awo), murfin da ya ɓace, maɓallin na'urar da ya tsage kuma kamfanin ya daina yin irinsa. Gammon zare kilo ɗaya ne, mazaunin kwalabe ɗaya ba ya cin fiye da giram 'yan gommai, don haka gammo guda zai cika kanta. Abin da ya fi ragin kuɗin ma shi ne lokaci da dacewa: yau ka auna, gobe ka riƙe a hannu, kuma daidai da kwalbar da kake da ita, ko da babu ita a kasidar kowane kamfani.

Amma kada a manta da kafinta da mai walda da mai aikin alminiyam. Abin da ya wuce taƙi ɗaya, kamar teburin ɗora na'ura ko akwatin rufe ta, su za su gama shi kafin firinta ta kai rabi, kuma nasu ya fi ƙarko. Farantin da ƙaramar firinta irin Ender 3 ke bugu a kai santimita 22 ne kowane gefe, bugu babba kuwa yini yake ci.

Inda saye ya fi

Fifet nan ne gardama take. A 2018 masu bincike a Jami'ar Illinois da ke Chicago sun wallafa zanen fifet da ake bugawa, suka nuna ya cika ƙa'idar ISO 8655 ta daidaiton awo. Abin a yaba ne. To amma su da ma'auninsu suka tabbatar. Yadda ake gwada fifet shi ne a ɗebo ruwa a auna nauyinsa, maikirolita ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na mililita) ya yi kusan miligiram ɗaya, wato sai da sikelin da ke karanta kashi ɗaya cikin goma na miligiram ko ƙasa da haka. Wanda ba shi da wannan sikeli ba shi da hanyar sanin ko abin da ya buga yana ɗebo maikirolita 100 ko 92. Kuskuren kuma ba ya nuna kansa, sai bayan watanni a ga sakamako ya ƙi maimaituwa, a yi ta zargin sinadari. Don koyar da ɗalibi yadda ake riƙewa da dannawa, bugagge ya wadatar. Don sakamakon da za a sa wa hannu, a sayi na kamfani, ko da mai araha ne, a riƙa gwada shi.

Santirifuj, injin da ke wulwula kwalabe don raba jini ko tace ƙwayoyi, shi kam ban yarda a buga kan nasa mai juyi da kwalaben ba. Akwai sanannen zane, Dremelfuge na Cathal Garvey ɗan ƙasar Ireland, wanda ake ɗaura wa injin hannu mai juyi. Yana aiki. Sai dai a duba lissafi. Ƙaramin santirifuj na tebur yana juyi kusan sau 13,000 a minti, ƙarfin da ke jan kwalbar ya kai ninki 16,000 na nauyinta. Kwalba mai giram 2 ta koma tana fizgar mazauninta kamar kilo 32. Abin da aka buga kuwa rauninsa a tsakanin layukan yake, kamar itacen da ke tsagewa ta bin jijiya. Na kamfani yana da murfi mai kulle da gangar da za ta tare tarkace idan abu ya fashe. Idan a cikin kwalbar jinin mara lafiya ne, ba ido kaɗai ke cikin haɗari ba.

Haka duk abin da zai shiga otokilef, ko ya zauna cikin sinadari mai ƙarfi, ko ya taɓa ƙwayoyin da ake raino. Otokilef digiri 121 yake kaiwa na minti 15, robobin da aka saba bugawa ba wadda ke jure wannan ba tare da ta sauya siffa ba. Ƙananan kwaruruwan da ke tsakanin layuka kuma maɓoya ce ta ƙwayoyin cuta, goga da barasar gwaji ba ta kai can ciki. Kwalabe, bakunan fifet da farantan raino, kamfanoni na zuba su dubbai a injin, babu yadda firinta za ta kamo su a araha ko tsafta.

Madubin likita: nan ne sai an zauna

Misalin da ya fi kowanne nisa a wannan fage shi ne OpenFlexure, madubin da Richard Bowman ya fara a Cambridge, ya ci gaba da shi a Bath, yanzu yana Glasgow. Dabararsa tana da ban sha'awa. Madubin kamfani yana motsa gilashin samfuri ne a kan ƙarafan da aka goge sumul suna zamewa a kan juna, abin da firintar roba ba za ta taɓa iya yi ba. Sai aka bar zamewa gaba ɗaya. Gangar madubin guda ɗaya ake bugawa, da wasu siraran wurare da ke lanƙwasawa kamar gaɓa, sukuru ya tura, robar ta rusuna, dandamalin da gilashin ke kai ya matsa. Dandamalin ba ya gogayya da komai. Da ƙananan motoci uku, taku ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na maikiron ba, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kwamfutar Raspberry Pi da kyamararta ke ɗaukar hoto, yana daidaita gani da kansa, yana iya bin gilashi fili bayan fili ya ɗinke hotunan. An ƙera shi a Dar es Salaam a kamfanin STICLab, aka kuma gwada shi a kan samfuran zazzaɓin cizon sauro a Cibiyar Lafiya ta Ifakara a Tanzaniya.

Sai a ajiye shi kusa da madubin da aka saba gani a lab, irin su Olympus CX23. Na kamfani sabo ya haura dala dubu. OpenFlexure cikakke, mai moto da gilashin gani na gaske, wato gilashin da ke ƙara girman abu, 'yan ɗaruruwan daloli ne, kuma yawancin kuɗin ba na roba ba ne, na gilashin gani ne da kwamfuta da kyamara, waɗanda dole a saya. Ingancin hoton daga wannan gilashi yake fitowa. Wanda ya sa mai ninki 100 da ake ɗiga wa mai zai ga ƙwayar maleriya a cikin jini, wanda ya yi amfani da ɗan gilashin kyamarar kawai zai ga ƙwayoyin albasa da halittun ruwan kududdufi, ya tsaya nan.

Na kamfani ya fi shi a wuri uku. Na ɗaya sauri a hannun gwani: ma'aikacin da ya saba, idonsa a kan madubi, yatsunsa a kan maɓalli, zai share filaye 100 da ake so a duba kafin a ce babu maleriya, cikin 'yan mintuna. OpenFlexure ba shi da wurin sa ido, a allo ake kallo. Na biyu faɗin motsi: dandamalinsa milimita 12 kawai yake tafiya kowane ɓangare, gilashin shafa jini kuwa 75 ne a 25, sai an riƙa gyara shi da hannu. Na uku izini: madubin da mutum ya haɗa a ofishinsa ba na'urar asibiti ce mai rajista ba, kuma a Najeriya na'urorin gwajin lafiya a ƙarƙashin NAFDAC suke. OpenFlexure kuma ya fi na kamfani a wuri biyu da ba ƙanana ba. Yana ɗaukar hoto yana ajiyewa, a tura wa ƙwararre a wani gari, abin da a na kamfani sai an sayi kyamara daban. Kuma ranar da wani abu ya karye, a nan za a sake buga shi. Duk wanda ya taɓa shiga sito a jami'a ya ga madubai a jere an lulluɓe su saboda maɓalli ɗaya ya san darajar wannan.

Hukuncina: lab na asibiti da ke duba marasa lafiya kullum, na kamfani. Ajin koyarwa da ɗalibai talatin za su kalli abu ɗaya a allo, ko binciken da ke buƙatar hoto duk bayan minti goma har dare ya raba, OpenFlexure. Makarantar sakandare da kuɗinta bai kai ko ɗaya ba ta duba Foldscope, madubin takarda da Manu Prakash da Jim Cybulski suka fitar daga Stanford a 2014, mai ninki 140. Ba a buga shi da firinta, amma yana sa yaro ya ga ƙwayar halitta da idonsa.

Wace firinta, wane zare

Iri biyu ne a kasuwa masu sauƙin kuɗi: mai zare da mai ruwan rezin. Ta rezin haske take haskawa cikin kwanon ruwan roba ya daskare, kaurin layinta kamar kashi ɗaya cikin ashirin na milimita, abin ya fito sumul. Ga ƙananan mahaɗan bututu da ƙirar siraran hanyoyin ruwa ta fi. Amma kowane bugu sai an wanke shi da barasar aisofurofil an sake gasa shi da haske, ɗanyen rezin yana ɓata fata don haka sai da safar hannu, ruwan wankin ba a zubar da shi a kwata, abin da ta buga kuma yana da saurin karyewa, ba ya lanƙwasa. Wani bincike a Jami'ar California da ke Riverside ya nuna kayan rezin sun fi na zare illa ga ƙwan kifin zebra da aka ajiye tare da su. Firinta ta farko a kowane lab mai zare ce. Ta rezin sai aiki ya kira ta da suna.

Cikin masu zare, Ender 3 ta kamfanin Creality, wadda ta fito a 2018 a kan kusan dala 200, ita ce kamar tsohon babur: kullum da ɗan abin gyara, amma kayan gyaranta ko'ina, kuma duk matsalar da ta ba ka wani ya riga ya warware ta. Prusa, ta Josef Prusa a birnin Prague, ta ninka ta kuɗi sau uku zuwa huɗu, ba ta da yawan rigima. Na Bambu Lab sababbin shiga ne, suna da sauri, suna daidaita kansu, mutum ya fitar daga kwali ya fara bugu a ranar, sai dai yawancin kayan gyaransu daga kamfanin suke zuwa. Inda akwai ma'aikaci mai son kwance abu ya ɗaure, mai araha ta isa. Inda kowa malami ne mai aji uku a rana, a ƙara kuɗi a sayi wadda ba ta neman lallashi, a haɗo da bakuna da faranti na ajiya tun a odar farko.

Zare kuwa zafin wurinmu ne ke yanke hukunci. Zaren robar PLA ya fi sauƙin bugu, ba ya wari, shi aka fi ba da shawara a kansa don OpenFlexure saboda tsaurinsa, amma daga wajen digiri 60 yake fara laushi. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda inuwa kanta ke haura 40 a watan Afrilu, motar da aka kulle a rana tana iya kai shi can. Na taɓa barin mariƙin waya a gaban mota daga azahar zuwa la'asar, na dawo na tarar bakinsa ya buɗe, ba ya kama komai. PETG yana kaiwa wajen 80, ya fi jure ruwa da sinadarai masu sauƙi, shi nake zaɓa wa mataji da duk abin da zai kusanci ɗumi. ABS yana wuce 100, amma yana bankarewa a faranti, yana fitar da hayaƙi mai wari, sinadarin asiton kuma narkar da shi yake yi. Polifurofilin, robar da ake yin kwalaben gwaji da ita, yana jure otokilef, sai dai buga shi aikin gwani ne don ba ya son kama faranti.

Da damina zare yana shan laima, a ji yana ƙara tas-tas a baki, bugu ya fito da gashi-gashi. Bokiti mai murfi da ƙullin silika mai tsotse laima a ciki ya magance wannan. Da hunturu ƙura ce ke bin zaren ta toshe bakin, wanda raminsa milimita 0.4 ne kacal. Guntun soso da aka maƙala zaren ya ratsa ta cikinsa ya isa.

Wuta ita ce kuɗin da ake mantawa. Firintar ba ta ci da yawa, wat ɗari da wani abu ne a tsakiyar aiki, ta ɗan haura lokacin da take ɗumama faranti. Matsalar ita ce bugun awa takwas yana son awa takwas ba yankewa. Yawancinsu suna da dabarar ci gaba daga inda suka tsaya, amma idan faranti ya huce abin yakan saki, ko ya bar tabo a daidai layin, wurin da zai karye nan gaba. Inbata da batir, ko sola, cikin farashin firinta suke. Wanda kuma buƙatarsa ba ta wuce abu biyar ko goma a shekara ba, gara ya tura fayil ga mai firinta ya biya kuɗin bugu, ya huta.

Zanen ma ba duka ɗaya ba ne. Shafukan intanet na Thingiverse da Printables cike suke da dubban zane, wasu an gwada, wasu mai su bai taɓa buga su ba. Wanda aka wallafa a mujalla irin HardwareX yana zuwa da jerin kayan haɗi, matakan haɗawa da sakamakon gwaji, shi ya fi cancanta a kashe wa kuɗi. A duba ko an saka fayil na asali, na manhajar zane irin OpenSCAD ko FreeCAD, domin STL kaɗai, wato fayil ɗin siffar da aka gama don bugu, gyara shi wahala ne, kuma kusan kullum sai an gyara: kwalbarka ta fi tasu faɗi da milimita ɗaya, ko sukurun da ke kasuwarku ba irin nasu ba ne. Mai niyyar bugawa ya sayar ya karanta lasisi, na cibiyar bincike ta CERN ya yarda da ciniki, wasu na Creative Commons sun hana. Masu koyarwa kuma ba su yi nisa ba. Ƙungiyar TReND in Africa, wadda Lucia Prieto-Godino da Tom Baden da Sadiq Yusuf suka kafa a 2011, ta daɗe tana horar da masu bincike a kan wannan, kuma Mahmoud Bukar Maina, wanda ya jagoranci kafa cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021, ɗan cikinta ne. Akwai Kumasi Hive a Gana, inda aka yi taron farko na AfricaOSH, ƙungiyar masu ƙera kayan kimiyya da kansu a Afirka, a 2018, da Mboalab a Yaounde.

Da ni ne shugaban sashen da aka ba kuɗi kaɗan, fifet da sikeli da santirifuj zan fara saya, da madubi ɗaya na kamfani. Abin da ya rage ya tafi ga firinta mai zare, inbata, gammo biyu na PETG da ɗaya na PLA, kwalin sukurori M3, da kalifa. Zan ba mutum ɗaya amanarta, da sunansa a takarda, a rage masa wani aikin. Abin da zai fara bugawa ɗan murabba'in gwaji ne mai milimita 20, ya auna kowane gefe. Idan kalifa ta nuna 20.4, sai ya gyara na'urar kafin a kawo masa maganar madubi.